Babi na Biyar: Mahaɗar Bututu da Uwar Bindiga

Bindigar toka, irin wadda 'yan bindigar sarki ke harbawa ranar hawan sallah, ƙirarta a fili take. Bututu ne guda, an toshe gindinsa da dunƙulen ƙarfe, an huda 'yar kafa inda wuta za ta shiga. Ta baka ake ɗura albarushi, ta baka ake cusa dalma, ta nan kuma komai yake fita. Duk ƙarfin da ke komowa baya a kan toshiyar gindin nan yake sauka, don haka tun da wuri maƙeran Turai suka gane cewa ran mai harbi a hannunta yake. Sukan yanka mata tiredi su murɗa ta cikin bututun har ta zauna daram, kuma duk da haka ba su yarda da aikin hannunsu kaɗai ba. A Landan tun 1637, a Liège ta Beljiyam tun 1672, a Birmingham tun 1813, akwai hukumar gwaji da ke ɗura wa bututu albarushin da ya wuce ƙima, a tayar da shi daga bayan bango, in ya tsira a buga masa hatimi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Birmingham ɗin nan ita ce ta ƙera ɗimbin bindigogin da aka yi ta saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma zamanin cinikin bayi, kuma masu arha daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun masu su.

A rabi na biyu na ƙarni na 19 sojojin manyan ƙasashe suka koma bindigar da ake ɗura wa harsashi ta gindi, harsashin da ya haɗa albarushi da ƙwaya cikin kwanson tagulla guda. Toshiyar da a da ake murɗawa sau ɗaya a manta da ita, yanzu dole ta buɗe ta rufe sau dubbai, kuma rufewa ta dubu ta yi ƙarfin ta farko. Wannan ya raba bindiga gida biyu. Ga bututu, da ɗakin harsashi a gindinsa da murɗaɗɗen tsagi a cikinsa mai juya ƙwaya don ta tafi a miƙe. Ga kuma uwar bindiga, gidan ƙarfen da sakata ke kai da komo a cikinsa, wanda kunama da ma'ajiyar harsasai da ƙota duk a jikinsa suke. Sakata ta tura harsashi cikin ɗakinsa, a murɗa ta, haƙoranta su kama uwa. Idan aka ja kunama, iskar albarushi ta tura ƙwaya gaba, ta tura kwanso baya. Kwanso ya jingina da sakata, sakata ta jingina da uwa, uwa kuma ba ta da abin riƙewa sai gindin bututun da aka haɗa ta da shi.

Nauyin da ke bi ta wannan mahaɗa ba ƙarami ba ne. A harsashin .30-06 na sojan Amurka, matsin da ke tashi cikin ɗakin harsashi yakan kai kimanin tan uku da rabi a kan kowane santimita murabba'i, kuma duk abin yana tashi ya sauka cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Fuskar mai harbi tana bayan wurin, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba.

Wanda ya shimfiɗa hanyar da mafi yawan masu ƙira suka bi shi ne Paul Mauser na garin Oberndorf a Jamus. A bindigarsa ta 1898, bututu yana shiga uwa da tiredi, ya tafi har gindinsa ya dafe da wani zoben ƙarfe da aka bari a cikin uwar, zoben da ke kewaye kan sakata yana ƙara wa wurin ƙwari. Ya huda kafofi a jikin sakata don in kwanso ya tsage iskar ta sami hanyar fita nesa da fuska, ya kuma ƙara haƙori na uku a baya, wanda ba ya ɗaukar nauyi sai ranar da biyun gaba suka gaza. Mai duba wannan bindiga zai ga aikin mutumin da ya zauna ya lissafa yadda abu zai lalace kafin ya lissafa yadda zai yi aiki. Tsoron nasa kuwa ba na banza ba ne: a 1901, wurin gwajin wata bindiga mai ɗura kanta, harsashi ya fashe ya ɗauke masa idon hagu.

Murɗa bututu har ya kama abu ne mai sauƙin faɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne a ina murɗin zai tsaya. A jikin bututun akwai tsinin saiti, wanda dole ya kalli sama sak, sau da yawa kuma akwai gurbin da aka fafe a gindinsa don ƙugiyar da ke zaro kwanso ta shiga. Duk wanda ya taɓa ɗaura kan famfo a bango ya san damuwar: in ka ɗaure shi tamau bakinsa ya kalli gefe, in ka tsayar da bakin yana kallon ƙasa sai ya yi yoyo. Mai gyaran famfo yakan naɗa tef ya wuce wurin. Maƙerin bindiga ba shi da wannan dama, domin ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma dole ɗaurin ya cika daidai lokacin da saiti ya miƙe. Masana'antun soja sun warware abin ta hanyar fara tiredi daga wuri guda a kowane bututu da kowace uwa, sannan a buga ɗan layi ɗaya da ya ratsa su biyun. A jikin tsofaffin bindigogin soja da yawa, na Jamus da na Amurka, har yanzu ana ganin layin nan. In ya haɗu, bututu yana mazauninsa. In ya goce, wani ya taɓa wurin, kuma saitin da ya karkata zai riƙa jefa ƙwaya gefe, kuskuren yana ƙaruwa yadda nisa ke ƙaruwa.

Lissafin karkata ba shi da tausayi. Digiri ɗaya kacal, a nisan mita 100, ya zama mita ɗaya da kashi uku bisa huɗu. Kashi ɗaya bisa sittin na digiri ya zama kusan santimita uku, kuma masu gasar harbi da wannan ma'auni suke auna bindigoginsu. Sai dai mutane sukan ɗauka cewa bututun da ya ɗan kalli gefe shi ne babbar illa, alhali wannan mai sauƙi ce: muddin karkatar tana nan wuri ɗaya kullum, gyaran saiti ya shanye ta. Illar da ke hana maƙeri barci ita ce zaman da bai daidaita ba, inda kafaɗar bututu ta taɓa fuskar uwa a gefe ɗaya ta bar ɗayan da ɗan sarari, ko haƙorin sakata ɗaya ya ɗauki nauyi ɗan'uwansa yana hutawa. Bututu yana karkarwa a kowane harbi, yana kuma miƙewa in ya yi zafi. Idan mazauninsa ba daidai yake ba, karkarwar yau ba za ta zama ta gobe ba, ta harbi na farko ba za ta zama ta na biyar ba, sai ƙwayoyi su watsu ba tare da mai harbi ya yi laifin komai ba. Shi ya sa masu ƙera bindigar gasa suke ɗora uwa a kan injin sassaƙa ƙarfe su share fuskarta har ta daidaita da tsakiyar ramin sakata, aikin da idan an gama ba mai gani, sai a jikin takardar da aka harba.

Akwai kuma wata tazara da ta fi duk waɗannan haɗari, wato ratar da ke tsakanin fuskar sakata da wurin da ke tare harsashi a cikin ɗakinsa. Zurfin da bututu ya shiga uwa yana cikin abubuwan da ke yanke wannan rata. In ta yi kaɗan, sakata ba za ta rufe ba, ko ta rufe da ƙyar. In ta yi yawa, kwanson tagulla, wanda bangonsa ya manne da ɗakin saboda matsi, sai gindinsa ya ja baya ya cike sararin. Ya miƙe, ya sirance, wata rana ya yanke, iska mai zafi ta kwararo cikin uwa.

Bindigar Lee-Enfield ta Ingila, wadda sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Boma, ta nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. A ƙa'idar sojan Ingila ratar nan ba ta gaza milimita 1.63 ba, ba ta wuce 1.88 ba. Tsakanin bindigar da za a ba soja da wadda za a janye daga hannunsa, rubu'in milimita ne. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ba ya jinsa, saboda haka ma'aikacin rumbun makamai yana da ma'aunai na ƙarfe masu siffar gindin harsashi: ɗaya wanda dole sakata ta rufe a kansa, ɗaya wanda dole ta ƙi. A samfurin No. 4, wanda aka ƙera da yawa daga 1941, Ingilishi sun yi wata dabara mai kyau. Kan sakata abin cirewa ne, an kuma yi shi girma huɗu, da lamba daga 0 zuwa 3, kowane ya ɗan fi na baya tsawo. Idan bindiga ta tsufa rata ta buɗe, sai a sa mata kai na gaba, ba sai an taɓa bututu ba. Ni a ganina wannan yana cikin mafi hikimar abin da aka yi a fannin, domin ya yarda tun farko cewa ƙarfe yana cinyewa, kuma mai gyaran da ke sansani a daji ba shi da injin masana'anta.

Wasu sun bi ta wasu hanyoyin. Kamfanin Savage na Amurka, a samfurinsa na 110 da Nicholas Brewer ya zana aka fitar a 1958, ya cire kafaɗar bututu gaba ɗaya: ana murɗa bututun har ya kai ma'auni, sai a kulle shi da babban noti daga waje. Wasu sun ce notin ya ɓata wa bindigar kyan gani, amma ya rage aiki da farashi, kuma bindigar ta yi suna wajen kai ƙwaya inda aka nufa. A Tarayyar Sobiyet, samfuran AK-47 da aka sassaƙa uwarsu daga dunƙulen ƙarfe da tiredi ake haɗa bututunsu. Da AKM ta zo a 1959, uwa ta koma fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da aka lanƙwasa, aka dasa ƙaƙƙarfan dunƙule a gabanta, bututu ya shiga dunƙulen da matsin inji aka soke shi da ƙusar ƙarfe. Eugene Stoner kuwa, wanda zanensa ya zama M16, ya sa sakata ta kama wani ɗan zoben ƙarfe da ke jikin bututun kansa, nauyin harbi ya daina bi ta uwa, har aka iya yin uwar da alminiyam. Kowannensu tambaya ɗaya yake amsawa, wace gaɓa ce za ta ɗauki nauyin, kuma ta yaya ma'aikaci na dubu zai maimaita abin da na farko ya yi ba ƙari ba ragi.

Amma ana iya samun tiredi mai kyau, layi ya haɗu, rata ta yi daidai, uwar kuma ta tarwatse. Abin da ya faru da bindigar M1903 ta Amurka ke nan, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa.

M1903 'yar Mauser ce a ƙira, har gwamnatin Amurka ta biya kamfanin Jamus ɗin kuɗin haƙƙinsa. Masana'antun gwamnati biyu ne suka ƙera ta, ɗaya a Springfield ta jihar Massachusetts, ɗaya a Rock Island ta jihar Illinois, kuma an san su da tsabtar aiki. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aiki ya ninka, sai rahotanni suka fara zuwa cewa uwar bindiga ta fashe gunduwa-gunduwa a hannun mai harbi. Ƙarfe mai lafiya in nauyi ya fi ƙarfinsa lanƙwasawa yake yi, ya kumbura, ya ba da gargaɗi. Waɗannan wargajewa suke yi nan take. Cikin jami'an da suka bi diddigin lamarin akwai Julian Hatcher, wanda daga baya ya kai muƙamin manjo janar, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa na 1947.

Laifin yana maƙera. Kafin a sassaƙa uwa, sai an gasa ƙarfen an buga shi ya ɗauki siffa, kuma masu gashin tsofaffin ma'aikata ne da suka shekara da shekaru suna aikin. Da ido suke auna zafi, da launin da ƙarfen ya ɗauka a wuta, ba su kuma ga amfanin na'urar auna zafi ba tunda idonsu bai taɓa ba su kunya ba a saninsu. Da aka kafa na'urorin a ƙarshen 1917, sai aka ga cewa zafin da idon gwani ya kira daidai a ranar da rana ta take yana iya fin na ranar gajimare da kusan digiri 300 a ma'aunin Farenhait. Hasken da ke shigowa ta taga yana dusashe jan ƙarfe, sai ma'aikaci ya ƙara wuta don ya ga launin da ya saba gani. Ƙarfen da ya sha wannan wuta ya ƙone daga ciki, ƙwayoyinsa sun yi gwaɓi, ya zama mai gautsi. Daga waje ba abin da ya bambanta shi da lafiyayye. Ya wuce gwajin masana'anta, ya yi shekaru ana harbi da shi, sai ranar da kwanso mai rauni ya tsage, ko bututu ya toshe, ko wani ya sa harsashin da ba na bindigar ba, iska ta doki uwa da bugu ɗaya, ta watse.

Ba na son a karanta wannan a raina idon maƙeri. Ilimi ne na gaske, kuma maƙeranmu da ke aiki a inuwar rumfa, inda launin ƙarfe ke fitowa sosai, sun riƙe wani abu da ginin Springfield ya saki. Da wannan idon aka ƙera garma da lauje da takobi ƙarni bayan ƙarni. Sai dai idan wuta ta yi wa garma yawa, bakinta ne zai ɓalle a gona, manomi ya mayar wa maƙeri ya yi ƙorafi. Uwar bindiga ba ta ba da damar komawa. Ma'aikatan Springfield gwanaye ne, da ƙarfe mai kyau da injuna na gwamnati, amma rana ta yaudare su. To ina ga wanda ya ɗauki bututun ruwa mai ɗinki a tsawonsa, ya liƙa masa gindi da walda, ba ma'auni ba gwaji, sannan aka sa masa harsashin zamani? Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, matsinsa ya ninka na baƙin albarushin da aka yi bindigar toka dominsa. Na san halin da ya sa mutanen ƙauyuka da yawa suke neman ko wace irin bindiga a shekarun nan, kuma ba mai hankalin da zai yi musu dariya. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, amma ko da an ajiye maganar doka, saurayin da ya kafa irin wannan ƙarfe a kumatunsa ya sa idonsa da yatsunsa a caca, kuma wanda ya ƙera masa ba shi da hanyar sanin ko ya ba shi lafiyayya.

A Amurka gyaran ya zo a 1918. Aka sauya yadda ake gasa uwa zuwa gashi biyu, wanda ke bar mata fata mai tauri da ciki mai juriya, daga baya kuma aka koma ƙarfe mai haɗin nikel. A Springfield sauyin ya faɗo wajen lamba ta 800,000, a Rock Island a lamba ta 285,507. Abin da aka riga aka ƙera kafin nan ya haura miliyan ɗaya. Hatcher ya tattara rahoton uwa 68 da suka fashe tsakanin 1917 da 1929, wasu daga masu harbin sun rasa ido. A cikin miliyan adadin kaɗan ne, kuma mafi yawan bindigogin lafiyarsu lau, amma ba wanda zai iya nuna wacce ce wacce ba tare da ya farfasa ta ba. An gwada sake gasa tsofaffin, aka tarar ƙarfen da ya ƙone ba ya dawowa.

Kwamitin da sojan ƙasar ya kafa a 1927 ya ba da shawarar a janye su duka. Ba a yi hakan ba, domin maye gurbin bindiga miliyan kuɗi ne da ba a ware ba a lokacin zaman lafiya. Aka tsaya a kan cewa duk wadda ta dawo masana'anta gyara a cire mata uwa a sa sabuwa, sauran kuma suka ci gaba da zama a rumbuna da hannun sojoji, wasu har Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa suna hannun masu tara tsofaffin makamai a yau, kuma hukumar da ke sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin sojan Amurka tana gargaɗin kada a harba duk M1903 da lambarta ta gaza waɗancan biyun. Mai saye yakan fara da duba lambar da aka buga a saman uwa, daidai bayan inda bututu ya shiga.